Wace Hausa Na'ura Za Ta Koya wa Yaranmu?

A babban hutun da ya gabata na yi ƴan kwanaki a gidan yayata, wadda take koyarwa a wata makarantar firamare a yankin Jiratawa. Wata rana da la'asar na tarar da ɗiyarta, yarinya ƴar shekara 6, ta rungume wayar uwarta tana kallon wani bidiyon koyon baƙaƙe da aka turo ta WhatsApp. Aka nuna hoton fara, muryar da ke ciki ta ce “fara”, yarinyar ta amsa da ƙarfi, “hwara”. Aka nuna uwa da yaranta, aka rubuta “'ya'ya” da alamar ɗauri a gaban y, ita kuwa ta ce “ɗiya”. Da aka zo kan lissafi aka nuna takardar naira ɗari, sai ta juyo ta tambaye ni ko dala nawa ke nan. Bidiyon ba shi da aibu. An yi shi da kyau, sai dai don yaran Kano ko Kaduna aka yi shi. Cikin minti uku ya taɓo furuci, ya taɓo ƙa'idar rubutu, ya taɓo ƙidaya, kuma a kowane ɗaya akwai tazara tsakanin abin da na'urar ta faɗa da abin da yarinyar ta zo da shi daga gida.

Duk lokacin da aka tayar da zancen kai na'urorin zamani makarantun firamare, mahawarar takan tsaya a kan kuɗi da wutar lantarki da rezo. Waɗannan matsaloli ne na gaske, zan kuma taɓo su. Amma akwai wata da ta fi shafar mu masu nazarin harshe. Na'urar da za ta koya wa yaro karatu dole ta zaɓi harshe, ta zaɓi kari a cikin harshen, ta zaɓi ƙa'idar rubutu, ta zaɓi muryar da za ta furta kalmomi. Ba ita ke yin zaɓin ba, wani mutum ne yake yi mata. Idan ba mu san wane ne shi ba, kuma ba mu sa baki ba, za a yanke hukunci a kan Hausar da yaran Maraɗi da Tibiri za su fara gani a rubuce ba tare da an tambayi kowa a nan ba.

Ba yau aka fara ba

Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka jarraba koyar da yaran firamare da na'ura. A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka fara shirin talabijin na makaranta da taimakon Faransa. Ana shirya darussa a Yamai, a watsa su zuwa azuzuwan da ke kewaye, inda wani mai lura da aji, wanda bai yi dogon horo ba, yake bin abin da akwatin ya nuna. Masana daga ƙasashen waje sun zo sun gani sun yaba, wasu daga cikin akwatunan ma da hasken rana suke aiki. Duk da haka shirin bai taɓa kai wa ga mafi yawan yaran ƙasa ba, ya kuma shuɗe a ƙarshen shekarun 1970. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, talabijin ɗin Faransanci yake koyarwa, da Faransanci. An sabunta kayan aiki, ba a taɓa tambayar harshe ba.

A wannan shekarar ta 1964 ne kuma Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya wallafa littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu. Mutumin da ya zama jagoran binciken makamashin rana a ƙasar nan shi ne kuma ya ce matsalar makaranta ta harshe ce. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa, a Damagaram, daga baya aka ƙara Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa ta hukuma a 1999, dokar 2001 kuma ta jera harsunan ƙasa guda 10. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Wannan mataki na ƙarshe ya sauya nauyin tambayar. Muddin Hausa tana cikin ƴan makarantun gwaji kawai, kuskure a littafi ko a manhaja bai wuce azuzuwa kaɗan ba. Idan kuwa za a faɗaɗa ta, za a buƙaci kayan karatu masu yawa cikin gaggawa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a kwaso abin da aka riga aka yi a Nijeriya a zuba cikin wayoyi. Ga shi kuma wasu daga cikin hanyoyin da ake samun kuɗin irin wannan aiki sun ƙuntata: Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a Maris 2025, hukumar USAID kuwa, wadda ta ɗauki nauyin shirye-shiryen karatun Hausa a Bauci da Sakkwato da ma nan Nijar, an rufe ta a wannan shekarar.

Ajin da na'urar za ta shiga

Wanda bai san azuzuwanmu ba zai yi zaton ana maganar ɗaki mai ƙofa da makulli ne. Dubban azuzuwa a ƙasar nan rumfunan kara ne, waɗanda ba a iya kafawa sai an yi girbi an sami kara, kuma ruwan farko yake watsa su, don haka shekarar karatu takan gajarce ta kai da ta ƙafa. Mutanen Maraɗi ba su manta da ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, lokacin da gobara ta tashi a irin waɗannan rumfuna a cikin gari ta hallaka yara aƙalla 25. A irin wannan aji babu inda za a ajiye kwamfutar hannu ta kwana, babu wurin cajin batir, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40. Wutar da Maraɗi take samu ta layin Katsina take zuwa, kuma mun ga abin da ya faru daga Agusta 2023, da aka yanke ta tsawon watanni. Ƙauyukan da ke bayan Tibiri ko Jiratawa da dama ma ba su taɓa ganin layin ba.

Sakamakon karatu shi ma sananne ne. A gwajin PASEC na 2014, ƙasa da ɗaya cikin goma na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare ne suka kai matakin da ake buƙata a karatu. A na 2019 an samu ci gaba, aka kai kusan uku cikin goma. A gwajin 2014 ɗin, ƙasar da yaranta na azuzuwan farko suka yi fice ita ce Burundi, inda ake koyarwa kuma aka yi gwajin da Kirundi, harshen da yaran suke ji a gida. Ba na'ura ce ta ba su wannan fifiko ba.

Me bincike ya nuna?

Hujjar da ta fi kusa da mu ba a kan yara aka same ta ba, a kan manya ne, amma tana da darasi. A 2009 da 2010, Jenny Aker da abokan aikinta, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services, sun yi gwaji a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram. Duk ƙauyukan suna da ajin yaƙi da jahilci da harshen gida, amma a rabinsu an ƙara koya wa ɗalibai amfani da ƙaramar wayar salula, mutum biyar suna tarayya a kan guda. Waɗanda suka koyi wayar sun fi sauran a rubutu da lissafi. Dalilin ba boyayye ba ne: wanda ya iya tura saƙo ga ɗansa da ke cirani ya sami abin da zai yi da karatun bayan an tashi daga aji.

Gwaji na biyu, wanda Aker da Christopher Ksoll suka fara a 2014, ya haɗa da ƙauyukan jihar Maraɗi da ta Damagaram. A nan ba a ba ɗalibai komai ba. Kowane mako ana buga waya ga malamin ajin, da maigari, da ɗalibai biyu, a tambayi ko an yi darasi da kuma yadda ya gudana. Wannan kiran kaɗai ya ƙara sakamakon karatu da lissafi. Na'urar da ta yi aiki a nan ita ce wadda ta riga ta kasance a aljihun malami.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙasar Peru, wadda ta raba dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci ga yaran firamare. Binciken da aka fitar a 2012 a kan makarantun karkara 319 bai ga wani ƙari a sakamakon lissafi ko harshe ba bayan wata 15. Yara sun iya sarrafa kwamfutar, karatu kuwa yana inda yake. Malawi ta bi wata hanya: ƙungiyar onebillion ta tsara manhajar karatu da lissafi da harshen Chichewa, darasi bayan darasi, yara suna shiga rukuni rukuni na ɗan lokaci a rana, ana cajin na'urorin da hasken rana, kuma gwaje-gwaje sun nuna ci gaba, musamman a lissafi. Bambancin Peru da Malawi yana cikin abin da aka zuba a na'urar da harshen da aka zuba shi. A nan ne aikinmu yake farawa.

Baƙaƙe huɗu

Rubutun Hausa na boko yana da wata falala da ba kowane harshe ke da ita ba: kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake wakilta, gaɓoɓin harshen kuma iri uku ne kacal, baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Yaron da ya san a, k, m, n zai iya karanta “kaka na nan” ko “mama na kama Nana” a makonninsa na farko. Yaron da ya fara da Faransanci kuwa sai ya haddace cewa o da au da eau duk sauti ɗaya ne, a harshen da bai ji ba tukuna. Wannan falala tana lalacewa da zarar an zubar da ƙugiya. Ba tare da ita ba “ƙafa” ta zama “kafa”, “ƙare” ya zama “kare”, “baƙi” ya zama “baki”, kuma Batibirin da ya rubuta cewa za a je fada ba a san ko gidan Sarkin Gobir yake nufi ko rigima ba. Babba yana gane nufi daga jimla. Yaron aji ɗaya ba shi da wannan dabara, baƙi bayan baƙi yake bi, kuma idan abin da ya furta bai zama kalmar da ya sani ba sai ya yi zaton shi ne ya kasa.

Mutane da yawa suna ɗora laifin zubar da ƙugiya a kan lalaci. Akwai lalacin, amma akwai dalilin da ya fi shi. Tsarin gajeren saƙo na waya an gina shi ne a kan jerin alamomi na harsunan Turai ta Yamma. A cikin jerin akwai é da è da à, babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Saƙon da bai fita daga jerin ba yana ɗaukar alamomi 160. Da zarar an sa ƙ guda ɗaya, wayar takan koma wani tsari da ke ɗaukar 70 kawai, sai saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗinsa ma haka. Wato malamin da ya rubuta wa iyayen yara da Faransanci ya fi wanda ya rubuta musu da ingantacciyar Hausa biyan kuɗi kaɗan. Ƙananan wayoyi masu madannai kuwa ba su ma da baƙaƙen. Shekara da shekaru mutane suna rubutu a haka, har ido ya saba da Hausa marar ƙugiya, kuma wannan Hausar ce ta cika intanet, ita ce kuma manhajojin fassara da na furuci suke koyo daga gare ta.

A manyan wayoyi matsalar tana da magani. Duk baƙaƙen huɗu, manya da ƙanana, suna cikin Unicode, madannin Gboard yana da tsarin Hausa, Windows ma haka, akwai kuma Keyman ga mai kwamfutar da madanninta na Faransanci ne. Saita wannan ba ya cin minti biyar, amma na tarar da malamai da yawa ba a taɓa nuna musu ba. A ganina da za a sa wannan darasi ɗaya a makarantun horon malamai, irin ta nan Maraɗi, da ya fi wasu tarurrukan ƙara wa juna sani amfani.

Sai kuma rabuwar da ke tsakaninmu da maƙwabta. Bayan taron Bamako na 1966 Nijar ta ɗan bi tata hanya, har tana ninka wasali don nuna tsawonsa, kafin taron Yamai na 1980 ya kusanto da ƙa'idojin ƙasashen biyu. Abin da ya rage a fili shi ne ƴ a nan, 'y a Nijeriya. Ga mai karatu ƙaramin abu ne. Ga kwamfuta kuwa “ƴanci” da “'yanci” kalmomi biyu ne da ba su san juna ba, wanda ya nemi ɗaya a ƙamus na waya ba zai sami ɗayar ba. Alamar ɗaurin ma iri iri ce, akwai miƙaƙƙiya, akwai mai lanƙwasa hagu, akwai mai lanƙwasa dama, kowace da lambarta. Waɗanda suka yi aikin DiLAF, da ya mayar da ƙamusoshin shirin Soutéba na Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Buzanci zuwa intanet, sun sha fama da irin wannan, domin tsofaffin takardun an buga su ne da zubin baƙaƙe na dabara, inda aka ari gurbin wata alama aka zana ƙ a ciki. Da an buɗe takardar a wata kwamfuta sai ƙugiyoyin su rikiɗe. Har yau akwai littattafan firamare da ke kwance a irin wannan zubi.

Siffar baƙin ita ma abin dubawa ce. Yaronmu yana koyon rubutun haɗe irin na makarantar Faransa a kan allo, ya ga wata siffar a littafi, ya ga wata a waya, inda a take da rumfa a kai, g kuma take da ƙulli biyu. Idan zubin bai san ɗ ba sai ya nuna ɗan akwati a gurbinta. Akwai zubin Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman don masu fara karatu, yana da baƙaƙenmu duka, kuma kyauta ne. Kada mu manta cewa yawancin yaran nan da safe ko da yamma suna makarantar allo, suna bin wasu baƙaƙen daga dama zuwa hagu. Yaron da ke riƙe da tsarin Larabci, da na Hausa inda c take “ci”, da na Faransanci inda c take “k” ko “s”, ba ya buƙatar wata manhaja ta zo ta ƙara masa sunayen baƙaƙe na Ingilishi.

Murya

Abin da na'ura ta fi littafi da shi shi ne tana magana. Yaron da babu mai karatu a gidansu zai iya taɓa kalma ya ji ta. Amma rubutunmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. “Gari” na zama da “gari” na tuwo karinsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su. “Kuka” na ido da “kuka” ta miya wasulansu duka dogaye ne, kari ne ya raba su, ga kuma “kuka” na “ku ne kuka zo” mai gajerun wasula. Manhajar da ke mayar da rubutu magana dole ta yi hasashe, kuma idan ta yi kuskure babba zai yi dariya ya wuce, yaro kuwa zai ɗauka haka ake karantawa.

Misalin da ya fi jan hankalina yana cikin nahawu. A daidaitacciyar Hausa ana rubuta “ya tafi” iri ɗaya a wurare uku. A “Audu ya tafi” wasalin dogo ne mai karin sama. A “Audu ne ya tafi” gajere ne mai karin sama. A “a ce wa Audu ya tafi” gajere ne mai karin ƙasa. Yaron Tibiri, a Gobirancinsa, ya raba ukun nan da baƙaƙe ma, ba da kari kaɗai ba: “ya tahi”, “yat tahi”, “shi tahi”. Abin da bakinsa ya bambanta sarai, allon wayar ya haɗe masa shi wuri ɗaya. Wannan ba dalili ne na ƙin daidaitacciyar Hausa ba, amma dalili ne na sanin inda yaron zai yi tuntuɓe, da kuma tabbatar da cewa muryar da zai ji ta mutum ce da ya fahimci jimlar kafin ya karanta ta.

Jerin bambance-bambancen kowa a nan ya san shi: “sunka” da “suka”, “shina” da “yana”, “zamna” da “zauna”, “sabka” da “sauka”, “na” da “ta” a gurbin “ne” da “ce”. Wanda ya fi wahalar da mai koyon rubutu shi ne f. Malamin da ya yi karatu da Faransanci yana furta ta da haƙori a kan leɓe, Bakano yana furta ta da leɓɓa biyu, yaronmu yana cewa “hw” a gaban a, “h” a gaban i. Daga “hw” zuwa f hanya a miƙe take, “hwari” ya zama “fari”, “hwata” ta zama “fata”. Daga “h” kuwa babu doka: “hita” ta koma “fita”, “hili” ya koma “fili”, amma “hikima” tana nan da h ɗinta. Sai an haddace. Irin wannan maimaici, kalma da hoto da murya, shi ne aikin da na'ura ta fi malami mai yara 80 haƙurin yi, in dai an ba ta jerin kalmomin da suka dace da yankin. Manhajar da aka yi don Kano ba za ta taɓa tanadar wannan darasi ba, domin yaron Kano ba ya buƙatarsa.

Ra'ayina a kan wannan shi ne a rubuta daidaitacciya, domin ita ce za ta buɗe wa yaro littattafan ɓangarorin iyaka biyu, amma kada a bar na'ura ta hukunta furuci. An fara yin manhajojin da ke sauraren yaro yana karatu su ba shi maki. Idan an horar da irin wannan da muryoyin Kano, yarinyar da ta ga “fara” ta ce “hwara” za a ce ta faɗi, alhali ta yi ainihin abin da ake kira karatu: ta ga alama, ta gane kalma. Haka kalmomin aro. Yaron da ya san “lakwal” da “mushe” da “kaye” da “bik” yana iya koyon “makaranta” da “biro”, amma a matsayin ƙari, ba gyara ba. Sannan a tuna cewa ba kowane yaro a azuzuwan jihar nan ne Hausa take harshen gidansu ba, akwai ƴaƴan Fulani da na Buzaye, kuma matsayin da Hausa ta samu bai sauke haƙƙinsu ba.

Tambayar dala da yarinyar ta yi mini ba ta wasa ba ce. A nan ba ma ƙidaya kuɗi da lambar da ke jikinsu. Dala tamma 5 ce, don haka ƙarfen da aka rubuta 100 a kansa dala ashirin ne, takardar 1000 kuwa jika ce, wato dala ɗari biyu. Yarinyar da ke raka uwarta sayar da zogalen fadamar Jiratawa tana raba lamba da biyar a ka tun kafin ta ji sunan rabawa. Darasin lissafin da aka gina a kan naira ya zubar da wannan ilimi, wanda aka fassaro daga Faransanci kuma ya rikita shi, domin “ɗari” a bakin mai darasin 100 ce, a kunnen yarinyar kuwa, in dai kuɗi ake magana, 500 ce.

Abin da ke hannunmu

Kayan aikin ba su da tsada. Manhajar Bloom ta SIL kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma tana da sashen da ke gargaɗin marubuci idan ya sa baƙin da ba a koya wa yara ba tukuna ko ya tsawaita jimla. Ana iya naɗar murya a haɗa da kowace jimla, a tura littafin daga waya zuwa waya ko a katin ajiya, kamar yadda karatun Alƙur'ani da waƙoƙi suke yawo a kasuwannin Maraɗi ba tare da wani shiri na gwamnati ba. Shafin African Storybook yana da labaran Hausa da aka yarda a sauke a gyara, wato ana iya mayar da 'y zuwa ƴ, naira zuwa dala. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga duk wanda ya so bayarwa, kuma kowane Bamaraɗe ko Bagobirin da ya karanta jimloli a can ya ƙara wa na'urorin gobe sanin yadda muke magana.

Abin da babu shi ne aikin da ke ƙarƙashin waɗannan duka, kuma irin aikin da ake rubuta kundin digiri a kansa ne. Ana buƙatar jerin kalmomin da yaro mai shekara 6 a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa yake amfani da su da gaske, a ciro su daga maganarsa, ba daga ƙamus ba. Ana buƙatar ƙididdigar yawan faɗowar baƙaƙe da gaɓoɓi a cikin wannan jeri, don a san da wane baƙi za a fara da kuma lokacin da ya dace a shigo da ƙ, ts, ky da gw. Ana buƙatar jerin kalmomin da furucin yankin ya saɓa wa rubutu, a kwatanta da abin da Bargery ya rubuta a ƙamusunsa na 1934, inda ya nuna kalmomin Katsina da Gobir, da kuma ƙamusun Abdou Mijinguini. Ni dai na fara da na ƙarshen. Yayata tana turo mini hoton allunan yaranta bayan kowace shibta, ina ware kurakuran da suka fito daga rashin sanin baƙi da waɗanda suka fito daga karin harshe, kuma duk wanda ke da ɗan'uwa mai koyarwa a CI ko CP a wajen Tibiri, ina neman irin waɗannan hotuna daga can, domin na Jiratawa kaɗai ba za su nuna mini Gobiranci ba.